Luksambur ko Jardin des Plantes: ina za a kai yara in yini ɗaya ya rage a Paris?

Bara da zafi yayata ta zo Paris da 'ya'yanta uku, babbar tana da shekara goma sha ɗaya, na tsakiya bakwai, auta kuma ana goye da shi. Kwana huɗu suka yi ana zirga-zirgar kasuwa da gaishe-gaishen 'yan uwa, har yaran suka fara ƙunci a gida. Daren da ya rage musu yini ɗaya ta ce da ni, "Ƙanena, gobe ka nema mana inda yaran nan za su sake, su yi gudu, ni ma in samu wurin zama. Amma fa kada ka kai mu inda sallah za ta wuce mu." Wurare biyu suka zo mini a rai, dukkansu tsofaffin lambuna ne na sarauta da yanzu suka zama na kowa, dukkansu a gefen hagu na kogin Seine, shiga kyauta ne, kuma tsakaninsu tafiyar ƙafa ce ta kamar minti ashirin da biyar. Ɗaya shi ne Jardin du Luxembourg, wanda zan riƙa kira Luksambur, ɗayan kuma Jardin des Plantes, wato lambun tsirrai. Wanda ya kalle su a taswira zai ɗauka abu ɗaya ne, koren fili ne mai kadada ashirin da 'yan kai. Wanda ya shige su da yara ya san ba haka ba ne.

Luksambur lambun sarauniya ne tun asalinsa. Bayan an kashe Sarki Henri na huɗu a 1610, matarsa Marie de Médicis, wadda 'yar birnin Florence ce ta Italiya, ta sayi gidan wani basarake mai suna Luxembourg, ta sa aka fara shuka lambun a 1612, daga baya aka gina mata fada mai kama da wadda ta taso a ciki a garinsu. Fadar tana nan, ita ce majalisar dattawan Faransa a yau, kuma majalisar ce ke kula da lambun. Shi ya sa za ka ga komai a tsare: furanni a layi, itatuwa an aske su kamar da reza, masu gadi cikin kaki suna kai da komo. Da yamma in lokacin rufewa ya yi sai ka ji usur daga kowace kusurwa, kowa ya tattara nasa ya nasa ya nufi ƙofa. Lokacin rufewar yana bin rana ne. Da sanyi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, da zafi kuma har tara da rabi na dare.

Abin da ya sa iyaye ke son Luksambur shi ne tafkin da ke gaban fadar. Tafki ne mai kusurwa takwas, ba zurfi, kuma a gefensa ake ba da hayar ƙananan jiragen ruwa na katako masu ƙyalle, kowanne da tutarsa. Ba inji, ba batir. Ana miƙa wa yaro jirgi da doguwar sanda, ya ɗora shi a ruwa ya tura, iska ta kama ƙyallen ta tafi da shi. Daga nan sai gudu: yaro ya zagaya ɗaya gefen ya tari jirginsa, ya juya masa kai da sanda ya sake turawa. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaro da jirginsa ya maƙale a tsakiyar ruwa kusa da ɗan gidan agwagi, iska ta ɗauke. Ya tsuguna a bakin tafkin yana hura masa iska da baki, daga nesa, da gaske yake yi. Can iska ta dawo, jirgin ya motsa, ya miƙe tsaye yana ihu kamar shi ya tura shi. Rabin awa a wurin nan takan gajiyar da yaro fiye da yini guda a gida. Uwa kuma ba sai ta bi shi ba, domin lambun cike yake da korayen kujerun ƙarfe da ba a kafe su a ƙasa ba. Kowa na jan tasa ya kai inda yake so, inuwa ko rana, wasu ma su jawo ta biyu su ɗora ƙafa. Ba a biyan ko sisi a kansu.

In aka bar tafkin aka yi yamma cikin itatuwa, a nan sauran kayan yara suke, kusa da juna. Akwai lilon dawakan katako mai juyawa wanda ya samo asali tun 1879, kuma Charles Garnier, wanda ya zana babban gidan wasan Opéra na Paris, shi ya zana shi. Yaran da suka hau dawakan waje ana ba su ɗan gajeren sanda su riƙa zaro zoben ƙarfe duk zagaye, wanda ya tara da yawa shi ne gwani. Akwai gidan wasan 'yar tsana da ke aiki tun 1933, sai dai da Faransanci ake yi, saboda haka yaran Yamai ko Damagaram da suka yi makarantar boko ta can za su fi na Kano ko Katsina jin daɗinsa, ko da yake dukan da 'yan tsanan ke yi wa juna da sanda ba ya buƙatar tafinta. Sannan akwai babban filin wasa mai shinge, da abin hawa da na sulɓi da igiyar lilo. Wannan ana biya, yaro da babba duka, kuma iyaye da yawa ba su san haka ba sai sun iso ƙofa. Jiragen ruwan, dawakan, 'yar tsanar, kowanne da 'yan yuro nasa. Ɗaya-ɗaya ba su da tsada, amma in yara uku ne kuma kowa na son komai, kuɗin kan taru.

Abu ɗaya da kan ba baƙi mamaki: ciyawar Luksambur mafi yawanta ba a takawa. Mu da muka saba in mun ga inuwa da ciyawa mu shimfiɗa tabarma mu buɗe kula, a nan mai gadi zai zo da ladabi ya tashe mu. An ware wasu filaye a kudancin lambun inda aka yarda a zauna, kuma ranar da rana ta fito a cike suke maƙil. Sauran ƙasan lambun farar tsakuwa ce mai ƙura, takalmin yara da tayar keken jarirai duk sai sun yi fari.

Babba ma ba zai rasa abin kallo ba. Mutum-mutumi sun haura ɗari, ciki har da jerin sarauniyoyi da manyan matan Faransa guda ashirin da suka kewaye tsakiyar lambun. Akwai maɓuɓɓugar Médicis a wani lungu mai duhun inuwa, wuri ne da ya fi ko'ina sanyi da tsakar rana. A kusurwar kudu maso yamma akwai amyoyin zuma inda ake koyar da kiwon ƙudan zuma tun 1856, da gonar tufa da fiya. Da zafi kan fito da itatuwan lemo da rumman da dabino cikin manyan akwatunan katako, da sanyi a mayar da su ɗaki. Ranar da na fara ganin dabino a cikin akwati na daɗe a tsaye. Akwai kuma wani abin tunawa da bauta da soke ta, zobba uku na sarƙa da aka kafa a 2007, kuma a lambun nan an sha yin taron ranar 10 ga Mayu na tunawa da cinikin bayi. In akwai yaro mai hankali a tare da ku, ya cancanci a tsaya da shi a wurin.

Jardin des Plantes kuwa asalinsa ba na shaƙatawa ba ne, gonar magani ce. A 1635 Sarki Louis na goma sha uku, ɗan waccan sarauniyar, ya kafa shi bisa shawarar likitansa Guy de La Brosse don a shuka itatuwan magani a koyar da masu koyon likitanci, aka buɗe wa jama'a a 1640. Masanin halittu Buffon ya riƙe shi daga 1739 har rasuwarsa a 1788, ya faɗaɗa shi har bakin kogi. Bayan juyin juya hali, a 1793, aka mayar da shi cibiyar nazarin halittu ta ƙasa, kuma har yau haka yake: lambu ne da masu bincike ke aiki a cikinsa. Kusan kowace shuka da allonta mai ɗauke da sunanta. A nan ne ma Henri Becquerel ya gano a 1896 cewa yuraniyom yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma duk wanda ya san Arlit, garin haƙar yuraniyom a Nijar, ya san inda wannan labari ya kai.

Gidan namun dajin da ke ciki an buɗe shi a 1794, yana cikin mafi tsufa a duniya. Labarin da na fi son ba yara a nan shi ne na raƙumar dawa. Muhammad Ali, mai mulkin Masar, ya aika wa Sarki Charles na goma kyautar 'yar raƙumar dawa da aka kamo a Sudan. Ta sauka a Marseille ta jirgin ruwa a 1826, ta yi sanyi a can, sannan a 1827 aka tako da ita a ƙafa har Paris, tafiyar kusan kilomita 880 cikin kwana 41. An ɗinka mata rigar ruwa, shanun tatsa suna gaba saboda madarar da take sha, mutanen ƙauyuka suna fitowa kallo. Cikin masu kula da ita akwai wani ɗan Sudan mai suna Atir, wanda ya zauna tare da ita a lambun nan shekara da shekaru. Ta rayu har 1845. Ɗakin da aka ajiye manyan dabbobi a zamanin yana nan tsaye.

Amma a nan dole in ja kunnen iyaye, don kada a yi wa yara alkawarin da ba zai cika ba. Yanzu babu giwa, babu zaki, babu raƙumin dawa a wannan gida. Wurin ƙarami ne, bai kai kadada shida ba, kuma manyan dabbobin da ke buƙatar fili an bar wa gidan namun daji na Vincennes da aka buɗe a 1934. Abin da za a gani a nan su ne goggon biri mai jan gashi na Borneo, damisar dusar ƙanƙara, jan fanda, manyan kunkuru, macizai, tsuntsaye masu dogayen ƙafa jajaye, da awakin dutse iri-iri. Ga mai ƙananan yara ƙanƙantar wurin alheri ce, cikin awa biyu an zagaye ba tare da an ɗauki kowa a kafaɗa ba. Gine-ginen tsofaffi ne, wasu kejin sun matse, kuma ni kaina ba na jin daɗin tsayawa gaban manyan kuliyoyin daji a ɗan wuri haka. Shiga da kuɗi ne, kuma shi ne babban kashin kuɗin yinin.

Abin da ya fi gidan namun dajin ƙarfi a wurina shi ne babban zauren da ke ƙarshen lambun, Grande Galerie de l'Évolution. An gina shi a 1889, ya yi shekaru a rufe, aka gyara shi aka sake buɗewa a 1994. Da ka shiga ƙasa, ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin teku ne ke rataye bisa kanka, tsawon ɗayansu ya fi babbar motar safa. Da ka hau bene sai ka ci karo da ayarin namun dajin Afirka da aka busar aka cika, giwa a gaba, raƙuman dawa da ɓauna da jakunan dawa da barewa da kuraye a baya, duk sun fuskanci hanya ɗaya kamar masu ƙaura. Hasken zauren yana canzawa, wani lokaci a ji tsawa da kukan tsuntsaye. Ɗan yayata na tsakiya ya tsaya gaban kura ya kama hannuna ya ce, "Kawu, ashe haka take? Ni na ɗauka ta fi haka girma." Duk tatsuniyoyin Gizo da kura da ya ji a wurin kakarsa, ranar ya ga fuskarta. A ɗaya ƙarshen lambun, kusa da tashar Austerlitz, akwai zauren ƙasusuwa na 1898 mai ƙwarangwal ɗin dainaso, ga kuma manyan ɗakunan gilashi, ɗaya mai zafi da laima irin na kurmi, ɗaya na tsirran hamada. Kowanne da tikitinsa. Kada a yi ƙoƙarin haɗa su duka a yini ɗaya; gidan namun daji da zaure ɗaya sun isa. A riƙe kuma cewa zaurukan ba sa buɗewa ranar Talata, kuma akan rufe wani don gyara, saboda haka a duba kafin a fito.

Wanda ba ya son kashe kuɗi ma zai samu abin yi. Akwai ɗan tudu mai hanya a murɗe cikin shinge, yara na son tsere a cikinsa har su kai ƙaramar rumfar ƙarfe da ke sama, wadda aka gina tun zamanin Buffon. A gindin tudun akwai katafaren itacen al'ul na Labanan da aka shuka a 1734. Akwai lilo mai juyawa wanda maimakon dawakai aka sa masa dabbobin da suka ƙare ko suke dab da ƙarewa, da ɗan filin wasa. Sai dai gaskiya ita ce, ta fuskar gudu da wasa, Jardin des Plantes bai kama ƙafar Luksambur ba. Kujerunsa benci ne a kafe, ciyawarsa ita ma galibi ba a hawa, kuma doguwar hanyar tsakiya ba inuwa sai a gefe ƙarƙashin jerin itatuwa.

Sai maganar da yayata ta fi damuwa da ita. Da ka fita ta ƙofar da ke kusa da babban zauren, ka tsallaka titin Geoffroy-Saint-Hilaire, ga Babban Masallacin Paris nan, fari da koren rufi, hasumiyarsa mita 33. An buɗe shi a 1926, an gina shi ne don girmama dubban sojoji Musulmi daga ƙasashen da Faransa ta mallaka waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na farko, kuma Sarkin Maroko Moulay Youssef ya halarci buɗewar. Akwai wurin alwala, akwai ɓangaren mata. Ƙofar masu sallah tana ta ɗaya gefen ginin, sai an ɗan zagaya. Wadda ke fuskantar lambun ta gidan shayi ce da gidan abinci, inda ake sayar da shayin na'ana'a mai zaƙi a ƙananan kofunan gilashi da kayan zaƙi irin na Arewacin Afirka, ga kuskus da nama ba tare da mutum ya tsaya tambayar yanka ba. A Luksambur babu irin wannan kusa. Shagunan cikin lambun na fanke ne da askirim da burodi, kuma mai son sallah sai ya yi wannan tafiyar ta minti ashirin da wani abu, ta kan tudun Panthéon da ke tsakanin lambunan biyu, da yara a gajiye.

Nauyin wannan magana ya danganta da lokacin shekara. A watan Yuni azahar a Paris tana shiga wajen ƙarfe biyu, la'asar wajen shida, magariba kuwa sai kusan goma na dare. Iyali na iya yin azahar a gida, su tafi Luksambur su yi awa uku ko huɗu, su dawo su sami la'asar da sauran lokaci. A watan Disamba kuwa azahar kafin ƙarfe ɗaya, la'asar kafin uku, magariba wajen biyar, duk a cikin 'yan awoyin da ake waje. Ga sanyi, ga yayyafi, jiragen tafkin ma ba lokacinsu ba ne. A irin wannan lokaci ban ga dalilin zuwa Luksambur da yara ba, alhali ga wuri mai zauruka masu ɗumi da masallaci a tsallaken titi.

Ta fuskar zuwa, Luksambur yana da tasharsa a layin jirgin ƙasa na RER B, wanda ke bi ta Gare du Nord, saboda haka wanda ya sauka a arewacin birni, wajen Château Rouge ko Saint-Denis inda mutanenmu suka fi yawa, zai same shi da sauƙi. Jardin des Plantes kuma ana zuwa ta tashar Austerlitz a layi na 5 da na 10 na metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, da RER C, ko ta Jussieu, ko Censier-Daubenton a layi na 7, wadda ta fi kusa da masallacin. Tashoshin metro na Paris matakala ce ta yi musu yawa, mai keken jarirai zai sha ɗauka. Goyo ya fi, ko a hau bas.

To wa zai je ina? In yaran duk 'yan ƙasa da shekara bakwai ne, lokacin zafi ne, kuma abin da ake so shi ne su ƙona ƙarfinsu iyaye su huta, Luksambur ne, ba tantama. Haka in akwai dattijuwa a tafiyar wadda ba ta son yawo, a sama mata kujera a inuwa kusa da tafki, jikoki na gabanta tana ganinsu. In yaran sun kai shekarun tambaya, ko ana sanyi, ko ana tsoron ruwan sama, ko kuma yinin zai haɗa da sallah biyu, Jardin des Plantes ya fi, sai dai a tanadi kuɗin tikiti. Ranar Juma'a masallacin da titunan kewayensa kan cika, wanda ke son Juma'a a can ya je da wuri. Laraba da rana da Asabar da Lahadi duk lambunan biyu cike suke da yaran gari, safiya ta fi sauƙi.

Mu dai Jardin des Plantes muka je, ranar Alhamis. Muka shiga ta ƙofar kogi da ƙarfe goma, muka yi gidan namun daji kafin rana ta yi zafi, muka ci abin da muka taho da shi a kan benci, sannan babban zaure. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna muka tsallaka masallaci. Bayan sallah yayata ta zauna a farfajiyar gidan shayin, ta kwance goyo ta ɗora auta a cinya, 'yan tsuntsaye suna sauka a kan teburin suna tsintar burbushin kayan zaƙi. Babbar 'yar ta ciro takarda tana rubuta sunayen dabbobin da ta gani, tana tambayar uwarta Hausar kowanne. Suka maƙale a kan jan fanda. Na tsakiyan bai manta ba cewa na ba shi labarin jiragen ruwa masu sanda, ya yi ta tambaya ko da nisa. Da na ga la'asar da saura kuma ƙafafunsa ba su mutu ba, na bar su a wurin na kama hannunsa muka haura tudun Panthéon mu biyu.